Ranar da Maganin Ya Yi Aiki

Da hantsi Auta ta shiga ɗakin mahaifiyarta da ruwan ɗumi a kwano, ta same ta kwance yadda ta bar ta, leɓɓanta sun yi shuɗi. Likitan da ya duba gawar a babban asibiti ya ɗaga fatar idonta, ya ga ƙwayar idon ta tsuke kamar kan allura, sai ya kira 'yan sanda. Ya ce maganin kashe ciwo mai ƙarfi ne ya tsayar mata da numfashi.

Sufeton da aka ba binciken mace ce doguwa, wadda abokan aikinta ke tsokana da cewa ko gaishe ta ka yi sai ta tambaye ka shaida. Kafin ta hau benen da gidan yake, dangi sun gama shari'arsu. Auta ce mai jinya, ita ke ba da magani, kuma maƙwabta sun sha jin ta tana cewa ta gaji. Gwaggonsu ta tare Sufeto tun daga bakin ƙofa, ta rattaba mata duk wannan ba tare da an tambaye ta ba. Abin tausayin shi ne ita kanta Autar ta fara yarda da su.

"Nawa kika ba ta jiya?" in ji Sufeto.

"Yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ranki ya daɗe. Wallahi ban ƙara ko ɗaya ba."

"Tun yaushe take shan wannan adadin?"

"An jima. Kullum ƙarawa ake yi, kullum Mama kuka take. Ciwon ya ci mata ƙashi, maganin kamar ruwa take sha."

"Wa ke karɓowa?"

"Yaya. Shi ke zuwa asibiti, ya ɓare ƙwayoyin daga kati ya zuba a kwalba, don kada in rikice. Jiya ma ya kawo sabo."

Yayan nata magini ne, babban ɗan tsohuwar. Yana zaune a baranda cikin masu gaisuwa, lulluɓe da bargo cikin wannan zafi, hanci na zuba, yana ta hamma. Mutane na cewa kai, wannan rashi ya doki bawan Allah nan. Sufeto ta yi masa ta'aziyya, ta dube shi da kyau, ta wuce.

Ɗakin tsohuwar ƙarami ne, gado a jikin bango, keken guragu a lungu, warin man zafi ya kama labule. Sufeto ta ɗauki kwalbar maganin. Sannan ta durƙusa, ta ja gadon gaba. Mai rawar hannu ba ta rasa yar da magani, kuma mai jinya ita kaɗai ba ta da lokacin share bayan gado. A cikin ƙurar ta tsinci fararen ƙwayoyi 'yan kaɗan, ta naɗe su daban.

Wurin mai ba da magani a ƙaramin asibitin unguwar Sufeto ta fara zuwa. Matar ta zuba ƙwayoyin a tire, ta raba su da bakin cokali.

"Na kwalbar nan namu ne, mai ƙarfin. Waɗannan na ƙasa kuwa farasitamol ne, irin da ake saya a kowane shago."

"Ke kika sauya su?"

"Ni a kati nake bayarwa, a rufe, a gaban kowa. Ki tambayi masu layi. Ni ma na yi wa Likitanmu magana kan tsohuwar nan. Na ce wanda ke shan wannan adadin bai kamata a ji kukansa ba."

Likitan ƙaramin asibitin dattijo ne mai furfura, mutumin kirki a bakin kowa, wanda layin ƙofarsa ke kaiwa har waje. Kirkin nasa irin wanda ba ya iya cewa a'a ne, kuma Sufeto ta daɗe da sanin ba ƙaramar ɓarna irin wannan kirki ke yi ba. Ta shiga ofishinsa.

"Yaushe rabonka da ganin tsohuwar nan ido da ido?"

Ya cire tabarau ya goge. "Tun da ta daina saukowa daga bene. Haka muke yi wa waɗanda ba sa iya tashi. Ɗan uwa ya zo da bayani, mu rubuta."

"In ya ce ciwo bai lafa ba fa?"

"Mu ƙara."

"Ba ka taɓa mamakin me ya sa bai lafa ba?"

"Jiki yana sabawa da shi. Na ɗauka sabawa ta yi."

"Idan jikin bai taɓa ganin maganin ba fa, aka ba shi wannan adadin rana ɗaya?"

"Zai kashe shi," ya ce a hankali.

"Ɗan nata majinyacinka ne?"

"Ya taɓa zama. Ya faɗo daga gini, bayansa ya bugu. Na ɗora shi a kan irin wannan maganin, ya daɗe a kai, ya wuce yadda ya kamata. Da umarni ya zo daga sama cewa a rage rubuta shi, sai na tsayar masa."

"A hankali?"

"Lokaci guda." Ya mayar da tabaran. "An ce mu rage. Ni kuwa na yanke."

Da rana ta yi sanyi Sufeto ta koma gidan. Ta roƙi masu gaisuwa su ba ta wuri, ta shigar da maginin ɗakin mahaifiyarsa, ta rufe ƙofa. Ya zauna a bakin gadon yana karkarwa, tsikar jikinsa a tashe.

"Malam, na ga masu makoki da yawa," in ji ta. "Baƙin ciki yana sa kuka. Ban taɓa ganin ya sa hamma da zufa da rawar sanyi ba. Yaushe rabonka da maganin?"

Ta buɗe takardar da ta naɗe ƙwayoyin bayan gado, ta ajiye kusa da shi.

"Bari in faɗa maka yadda na gani, in na kuskure ka gyara mini. Maganin yana fitowa daga asibiti a rufe. Ƙanwarka a kwalba take ganin sa. Tsakanin kati da kwalba hannu ɗaya ne, naka. Da aka yanke maka naka, sai ka koma kan na Mama, kana zuba mata farasitamol. Tana kuka, kana kai wa Likita labari, yana ƙarawa, kana shanyewa. Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Na cikin kwalbar jiya na gaske ne, ba ko ɗaya da ya ɓace. Me ya faru?"

Ya zame rigarsa daga kafaɗa. Shatin haƙora ne a wurin, ya yi baƙi.

"Shekaranjiya na ɗauke ta zan kai ta banɗaki," ya ce. "Ciwon ya taso mata, ta cije ni. Da ciwon ya sake ta sai ta kama ba ni haƙuri. Ni take ba haƙuri, ranki ya daɗe. A nan na rantse na daina. Jiya na karɓo, na zuba mata duka, ko ɗaya ban taɓa ba. Na ce yau dai Mama za ta yi barci."

"Ba ka gaya wa kowa ba?"

"In ce me? In ce wa Auta ni ne ɓarawon?" Ya ɗago, idanunsa jajur. "Ki gaya mini gaskiya. Da na ci gaba da satar, da tana nan?"

Sufeto ta so ƙwarai a ce aikinta ya ba ta izinin yin ƙarya. "Da tana nan," ta ce. "Da ka faɗa wa Likita ma, da tana nan, kuma ba cikin azaba ba."

Bai yi gardama ba da ta ce za su tafi tare. Ta ce asibiti za su fara biyawa kafin ofis, domin wannan karkarwar ma ciwo ce, kuma Likita na da tambayoyin da zai amsa a gaban manyansa.

Auta tana kicin, zaune a ƙasa, ta jingina da firji. Sufeto ta tsuguna gabanta, ta yi mata bayani daga farko har ƙarshe, da murya yadda Gwaggo da ke laɓe a ƙofa za ta ji.

"Ba ki da laifi, ƙanwata. Abin da aka rubuta kika bayar. Ba wanda zai sake nuna ki da yatsa."

Auta ta gyaɗa kai, amma fuskarta ba ta saki ba.

"Bayan ta sha da ɗan jimawa ta kira ni," ta ce. "Na zo da faɗana, na ɗauka kukan ne kuma. Sai na tarar tana murmushi. Ta ce, Auta, yau ba inda ke mini ciwo, Allah ya yi miki albarka, je ki huta." Ta share ido da bakin zaninta. "Ni kuwa na tafi na huta."