Sahun da Ya Ba Gabas Baya

Da hantsi muka bar Malbaza a kan moto, wato babur, ni da maigidana Junaidu. Ranar hutunsa ce daga tuƙin motar siminti. Tun rasuwar mahaifinsa yake cewa sai ya je ya ga kufan garin kakanninsu, can bayan Badagishiri. Ina da ciki wata biyar, amma na ce ƙafata ƙafarsa.

Muka bar kwalta, muka bi hanyar duwatsu har azahar. Wani tsoho mai suna Barmo, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da kufan, shi ya zagaya da mu. Ya nuna mana inda maƙera suke narka tama a zamanin da, da ramukan marina da ƙasa ta cike, da kabarin malamin da ya kafa garin. Muka yi masa addu'a. Daga ƙarshe ya kai mu tsohon masallaci. Babu abin da ya rage sai guntun bango da jerin duwatsu.

Da la'asar Barmo ya saɓa hauyarsa, ya nuna mana hanyar gidansa.

"Ku hita wurin ga da sauran rana," ya ce. "Ni ban kai magariba nan."

Mun yi niyyar bin maganarsa. Moto ce ta ƙi tashi. Junaidu ya buga, ya kwance, ya hura, ya sake bugawa. Na duba waya, babu rezo, ba halin kiran kowa. Rana ta yi ja, ta fara sauka bayan tudu.

Sai tsuntsaye suka yi shiru gaba ɗaya.

Wani ƙamshi ya taso, irin na ƙasar da ruwan farko ya jiƙa, alhali rabonmu da ruwa wata uku. Daga cikin masallacin muka ji kiran salla. Murya ce ta tsoho, a dushe, mai daɗi.

Junaidu ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa.

"Ashe da mutane. Bari in samu jam'i."

"Malam, waɗanne mutane? Mu da munka zagaye wurin ga ba mu ga kowa ba?"

Ko alwala bai nema ba. Ya tafi yana jan ƙafa, ni kuma na bi shi ina kiran sunansa, abin da ban taɓa yi a fili ba.

Suna nan kuwa. Sahu uku, da fararen riguna da suka koma kalar toka. A sahun ƙarshe akwai gurbin mutum ɗaya. Junaidu ya shiga, ya yi kabbara.

Na tsaya a bakin duwatsun. Wace ce ni da zan katse wa miji salla? Na fara cewa ko dai makiyaya ne. Sai hasken rana ya soki idona, na gane abin da nake kallo.

Faɗuwar rana suke fuskanta. Gabas tana bayansu.

Na dubi ƙasa. Babu mai ƙafa a waje. Duk sun nutse, wasu zuwa ƙwauri, na sahun gaba har gwiwa. Ƙasa ta riga ta rufe tafin ƙafar Junaidu.

Na faɗa cikin sahun. Sanyi ya buge ni kamar na shiga randa. Na riƙe hannunsa na ja. Kamar in ja kututture.

Liman ya yi kabbara. Suka yi ruku'u. Na ji ƙasa ta yi wani sauti, kamar mai haɗiyar fura. Junaidu ya nutse zuwa idon sawu.

Saura sujada. Na san in goshinsa ya taɓa ƙasar nan, na rasa shi.

Na durƙusa ina tono da hannu. Farcena ya karye. Ina tono, ƙasa na komawa. Ina kuka, ina a'uziyya, kalmomin na sarƙe mini a baki.

Suka ɗago.

Na miƙe na shiga gabansa, na rungume shi, na tokare haɓarsa da kaina.

"Malam, don Allah! In ka tahi, wa za ya yi ma ɗanka huɗuba?"

Na kamo hannunsa na danna a cikina. Yaron ya motsa. Ya sake motsawa, da ƙarfi.

Junaidu ya ja numfashi.

Liman bai yi kabbarar sujada ba.



A hankali wanda ke damar Junaidu ya juyo da kai. Ban dubi fuskarsa ba. Numfashinsa kawai na ji a kunnena, mai warin tsohuwar toka.

"Bar shi ya cika sahu."

Na kwarara kabbara da iyakar muryata, na tura Junaidu baya da dukkan nauyina. Muka faɗi tare a wajen duwatsun. Ƙafafunsa suka fito, fata ta saɓule.

Ban san yadda na ja shi ba. Mun bar moto, mun bar jaka. A bayanmu na ji goshi da yawa sun bugi ƙasa lokaci ɗaya. Ban waiwaya ba har muka faɗa zauren Barmo. Tsohon ya dube mu, ya dubi ƙafafun Junaidu, ya tashi ya rufe ƙofa.

Raunin ya warke cikin sati uku. Na haifi ɗana lafiya, Junaidu da kansa ya yi masa huɗuba. Amma tun ranar bai ƙara sanin gabas da yamma ba. Ya ɓata sau biyu a hanyar Konni da ya yi shekara goma yana bi, dole ya ajiye tuƙi. Yanzu facin taya yake yi a ƙofar gida.

In zai yi salla a ɗaki, ni nake kama kafaɗunsa in daidaita shi. Ba na tafiya. Nakan tsaya a bayansa har ya sallame, domin in na saki, a hankali yake fara juyawa.