Ƙishirwar Guntu

Magariba ta kawo jiki, Auta na kwashe shanya a bayan gida, sai dutse ya faɗo cikin kwanon ruwan kare. Na biyu ya biyo shi, shi ma cikin kwanon. Babu kowa a kan katanga.

Karen kuwa, Guntu, sati biyu ke nan ba ya gidan. Mahaifin Auta direban motar asibiti ne, ya fita da asuba ya dawo da duhu. Ya ce tsinke sarƙa Guntu ya yi ya gudu, lokacin da ita da uwarta suka yi tafiya. Ko ƙifta ido bai yi ba da yake faɗa.

Washegari Auta ta kasa shan ruwa. Da ta kai kofi baki sai maƙogwaronta ya shaƙe. Likita ya duba, bai ga komai ba. Leɓɓanta suka tsattsage, kuma kullum da yamma sai a ji ana jan sarƙa a ƙasa. Uwar ta yi ta kuka.

Rana ta uku kawunta ya kawo wani tsohon malami. Ya yi ta karatu har muryar yarinyar ta yi kauri, wani ya yi magana da bakinta. Ya ce shi aljani ne, a bayan gidan yake zaune, kuma Guntu ne abokin zamansa duk tsawon yinin da ake kulle gida.

"Kwana uku uban yarinyar nan yana karɓar aikin wani a asibiti, bai leƙo gida ba. Kwanon ya kife tun ranar farko. Ina ji yana haushi har muryarsa ta ɗauke. A ƙarƙashin tulin yashi ya binne shi."

Malamin ya ce yarinya ba ta da laifi. Aljanin ya ce karen ma haka. Aka yi ta ja, daga ƙarshe ya yarda zai fita, amma sai uban ya faɗa mata gaskiya da bakinsa, tana cikin hayyacinta.

Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido. Direba ya durƙusa, ya faɗi komai bai rage ba.

Kofi uku ta shanye a hannun uwarta. Da uban ya miƙo mata na huɗu, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Mama, karɓo min."