Gafakar Malam Aji

Ranar Asabar da hantsi Huseina ta kifa turmi a tsakar gidansu a unguwar Limawa ta Jimeta, ta ɗora tafiretar da ta aro daga ofis, ta baje takardun Mele a kan tabarma. Mele shi ne saurayinta, malamin firamare a unguwar Adarawo ta Yola, yana neman shiga jami'a ya karanta tarihi. Fom ɗin ya ce kowa ya zaɓi farfesa ɗaya da yake so ya yi karatu a hannunsa, ya cika shafi guda da dalilinsa. Mahaifiyarta Inna Baraka tana gefe tana tsinke yakuwa, amma kunnenta yana kan tafireta.

"Me ya faɗa a kan Bappanki?"

Huseina ta sunkuyar da kai. "Ba Bappa ya zaɓa ba, Inna. Farfesa Albert ya rubuta."

"Wa? Albert kuma! Ga Salihu a gida, jininmu, sai ya tsallake shi? Yaron nan yana son aurenki kuwa?"

To, a gidan mahaifin Huseina, Alhaji Ɗantani mai yadi, ƙanensa Farfesa Salihu shi ne abin tinƙaho. Hotonsa da hular digiri yana rataye a zaure, ko mai tallar kifin tafkin Njuwa ya shigo sai an nuna masa. Alhaji kuwa ya riga ya yanke magana: Mele ya rubuta sunan Salihu, a ɗauke shi, bayan Sallah a ɗaura aure. In ya ƙi, ya raina gidan, kuma ba a ba wanda ya raina gida 'ya.

Huseina ta san abin da iyayenta ba su sani ba. Mahaifin Mele, marigayi Malam Aji, mutumin Barno ne mai makarantar allo, yana da wata gafaka ta jar fata cike da rubutun kakanninsa. Masana biyu suka taɓa aronta. Albert ya kwana uku da ita ya dawo da ita da kansa. Salihu ya ɗauka, shekara goma ke nan, littafinsa ya fito har ya yi suna, ko ambaton Malam Aji babu a ciki. Tsohon ya rasu yana tambaya ko an dawo da gafakarsa. Mele ya sa Huseina ta yi masa alkawarin ba za ta faɗa ba, domin ba ya so ya tozarta surukansa.

Inna ta matso, ta rage murya. "Ba ke ce mai bugawa ba? Ki sake masa wata, ki sa Salihu. Yaron nan ko takardar sayar da gidansu kika miƙa masa zai sa hannu bai duba ba."

"Haba Inna—"

"Haba me? Aurenki nake ceto miki!"

Huseina ta buga ta Mele yadda ya rubuta, da takardar kabon a ƙasa don ta samu kwafi. Sannan, hawaye na ɗiga a kan maɓallan, ta buga ta biyu, ta yabi Bappanta da kalmomin da ita kanta ba ta yarda da su ba. Tana son Mele, tana tsoron rasa shi, tsoron ne ya fi ƙarfinta.

Da la'asar ta shiga mota zuwa Yola. Ta tarar da Mele a ƙofar gidansu yana duba littattafan yara, mahaifiyarsa Yakaka tana daga zaure tana jan carbi.

"Madam taifis! Har an gama?" Ya yi dariya, ya zaro biro.

Ta miƙa masa ta ƙaryar. Bai ko kalli shafin ba, ita yake kallo. Ya ɗora biro a kan layin sa hannu. Nan zuciyarta ta karye, ta fizge takardar.

"Kada ka sa! Ba taka ba ce, Yaya Mele. Na canza sunan."

Ya karɓa ya karanta har ƙarshe, a hankali. Fuskarsa ta yi nauyi.

"Kin iya Turanci, Huseina. Da na sa hannu, da sun ɗauke ni."

"Ka yafe mini. Baba ya ce in ba Bappa ba, babu aure."

"Na sani. Wallahi ina sonki fiye da jami'ar nan. Amma ni na ɗago kan Babana ranar da ya cika, gafakar nan yake tambaya. Da wane hannu zan rubuta cewa mutumin nan abin koyina ne?"

Yakaka ta ɗago daga zaure, da Hausarta ta mutanen Barno. "Yarinya ya yi gaskiya, Mele. Da ya yi shiru, kai ba ka sani ba. Kar ka yi masa fushi."

Huseina ta ciro ta gaskiyar, ya sa hannu, ita da kanta ta liƙa kan sarki.

Abin da ake tsoro kuwa ya faru. Farfesa Salihu yana cikin masu tantancewa, sunan Mele bai fito ba. Salihu ya kuma aiko wa yayansa Alhaji da wasiƙa mai zafi. Alhaji ya sa aka mayar da goron tambaya da akwatin sa-rana Adarawo, da rana tsaka, mutane suna kallo.

Shekara biyu Huseina ta yi cikin baƙin ciki. Ta je ofis, ta dawo, ta shige ɗaki. Manema suka zo, har da wani mai sabuwar Fijo, ta gaishe su da ladabi ta sallame su. Ba ta yi wa iyayenta rashin kunya ba, ba ta kuma karya alkawarin Mele ba, sai dai ta rame har zobe yana zamewa daga yatsanta. Mele ya sake cika fom a shekara ta biyu da sunan Albert, aka sake mayar da shi.

Wata Juma'a bayan masallaci Alhaji ya shigo ya same ta da wata takarda mai shuɗin kabon, kwafin ta Mele, duk ta tsufa don ninkewa.

"Wai wace takarda ce wannan da ta hana ki cin abinci? Karanta mini da Hausa in ji!"

Ta karanta. Babu sunan Salihu a ciki ko sau ɗaya. Ta zo inda Mele ya rubuta: "Mutum biyu suka ari gafakar mahaifina. Ɗaya ya wanke hannu kafin ya taɓa ta, ya dawo da ita bayan kwana uku. Wannan nake so ya koya mini."

Alhaji ya zauna a bakin turmi.

"Gafaka ja, mai igiya biyu?"

"Ita, Baba."

"Innalillahi! Ni na kai Salihu gidan Malam Aji. Tsohon ya ce bai san shi ba, na dafa ƙirji na ce ni ne lamuni. Ba a mayar ba? Shekara arba'in ina kasuwa, ko allurar wani ban taɓa riƙewa ba!"

Inna ta buɗe baki za ta kare ƙanen mijinta, Alhaji ya ɗaga mata hannu. Washegari da safe ya hau mota, kwana biyar bai dawo ba. Abin da ya gudana tsakaninsa da ƙanensa babu wanda ya ji, amma da ya sauka a tashar Jimeta bai biya ta gida ba, Adarawo ya wuce. Ya cire takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa gaban Yakaka, dattijo da furfurarsa, ya ajiye gafakar.

"Ga amanar Malam. Na makara, ku yafe mini."

Yakaka ta rungume gafakar tana kuka. Mele ya kwance igiyar, ya ga rubutun kakansa, ya juya wa mutane baya.

An ɗaura auren kafin azumi. A fom na uku Huseina ce ta sake bugawa, suna ɗaya dai, ba ta canza ko wasali ba, kuma a wannan karon babu wanda ya tare masa hanya, aka ɗauke shi.

'Yan mata da samari, ku riƙe wannan: son da aka ceto da ƙarya ba ya ba mai shi kwanciyar hankali. Huseina ta ji tsoro ta yi kuskure, amma ta janye hannu kafin biro ya sauka, ta yi haƙuri da iyayenta har gaskiya ta isa kunnensu. Hoton Farfesa yana nan a zauren Alhaji har yau, sai dai an daina nuna wa baƙi.