Kwana Ukun Da Bai Ɗaga Waya Ba

"Karanta!"

Littafin ya daki ƙirjinsa ya faɗi a kan tsakuwar layin dogo. Ma'aikatan da ke hutawa a inuwar wani tsohon tarago suka waiwayo gaba ɗaya.

Surayya ko kallonsu ba ta yi ba. A ƙafa ta taho tun daga kasuwar Sabon Gari, mayafinta ya zame zuwa kafaɗa.

"Na ce ka ɗauka ka karanta min, Abdulƙahhar! Shafi na sittin da biyu, inda ka ja layi da jan biro!"

Abdulƙahhar makaniki ne a tashar jirgin ƙasa, saura wata biyu a ɗaura musu aure. Ya tsaya da sifana a hannu, ya dubi jan bangon littafin.

"Ha... Hasken idona..."

"Kada ka ƙara kira na da sunan nan! Shi ma na gan shi a shafi na sha tara. Wai ka raɗa mata sunan da ba mai kiran ta da shi. Har guda uku ka jera a gefe, ka soke biyu!"

"Ki... ki tsaya..."

"Tunda ba za ka karanta ba, ni na haddace. 'Idan ka ga ta fara sakankancewa, ka ɓace mata kwana uku. Kada ka ɗaga wayarta, kada ka buɗe saƙonta, komai nacinta.' Ka rubuta kwanan wata a ƙasa. Sha huɗu ga wata! Ka tuna abin da ya faru ranar?"

Ya sunkuyar da kai.

Ranar ce mahaifinta ya yanke jiki ya faɗi a zaure bayan sallar azahar, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Yayanta Abdulhafiz yana Maiduguri. Sau goma sha bakwai ta kira Abdulƙahhar, wayar tana shiga tana katsewa. Ita da Inna suka cicciɓi Baba zuwa adaidaita, mata biyu suna kuka a titi. Sai bayan kwana uku ya bayyana a asibiti, idanunsa jajur, ya ce wayarsa ce ta lalace.

Har tausayinsa ta ji a lokacin. Wannan shi ya fi ƙona mata rai.

"Ubana yana kwance tsakanin rai da mutuwa, kai kana zaune kana ƙirga min kwanaki kamar mai kiwon kaza!"

"Wallahi ba... ban sa... sani..."

"Ta yaya za ka sani? Littafi ya hana ka buɗe saƙo!"

Ya buɗe baki, kalma ta ƙi fita. Ta jira shi. Da ta ga shirun ya yi yawa sai ta gyara mayafinta.

"Babu shafin da ya koya maka amsar wannan ko? To ka koma ka nema."

Ta juya ta bar shi tsaye.

Shagon littattafan da take aiki na Maman Chiamaka ne, wata Inyamura haifaffiyar Sabon Gari wadda Hausa ta zauna a bakinta kamar 'yar Fagge. Da safiyar ranar ne Gumsu, 'yar ƙanwar mahaifiyar Abdulƙahhar da ke zaune a gidansu a Rijiyar Lemo, ta shigo shagon tana murmushi.

"Anti Surayya, ina share ɗakin Yaya na tsinci wannan. Na ga tambarin shagonku, na ce ko aro ya yi ya manta."

Surayya ta san Gumsu ta daɗe da sa ido a kan Abdulƙahhar, ta kuma san ba don Allah ta kawo ba. Amma rubutun da ke ciki nasa ne, ba na Gumsu ba.

Tana komawa shagon ta nufi kantar da aka jera littattafan gyaran rayuwa, ta sa hannu biyu ta watso su ƙasa. Na yadda ake zama attajiri, na sirrin nasara, na mallakar zuciya, duk suka zube.

"Ke! Surayya! Aljanu ne suka hau ki?"

"Guba muke sayarwa, Mama! Guba! Ga tambarinmu a jikinsa!"

Maman Chiamaka ta ja ta zuwa bayan kanta ta zaunar, ta miƙa mata ruwa. Sai da ta ji labarin kaf sannan ta sauke gilashinta.

"Ni na sayar masa, ranar kin tafi bikin ƙawarki. Ya yi ta zagaye kamar mai sayen abin kunya."

"Kin san abin da ke ciki?"

"Na sani."

"To don me muke ajiye shi?"

Matar ta dube ta ido cikin ido.

"Saboda ya fi kowanne fita. Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yata."

Surayya ta ja tsaki ta kau da kai.

"Yi tsakinki, na cancanta. Amma kada ki haɗa su duka ki yi musu kuɗin goro. Shekarar da mijina Nwabueze ya mutu, wata biyu ban fito tsakar gida ba. Wata Sista a cocinmu ta kawo min ɗan littafi, bai kai kaurin yatsa ba. Bai ce zan yi farin ciki a kwana arba'in ba. Cewa ya yi, yau ki yi wanka, shi ke nan. Gobe ki share ɗaki. Da haka na miƙe na riƙe yara uku."

"Wannan daban."

"Ai shi nake gaya miki. Wanda ya ba ki aiki a kan kanki, gwada shi ki gani. Wanda ya ce zai koya miki juya ɗan wani kamar waina a tanda, ki guje shi ko kyauta aka ba ki. Amma littafi bai riƙe hannun yaron nan ba. Shi ya ga kiranki, shi ya ƙi ɗagawa."

"To ai kin ji da bakinki!"

"Na ji. Tashi ki kwashe min kayana. Jajayen ki sa su a kwali, na daina. Sauran ki mayar da su inda kika same su."

A gidan su Surayya a Fagge kuwa wutar ta fi haka ci. Abdulhafiz, wanda ya dawo tuni, ya daki ƙofa ya rantse.

"Gobe-goben nan zan mayar musu da kayansu! Mutumin da zai yi wasa da hankalin ƙanwata, uba yana kwance?"

Inna ta share hawaye da gefen zani.

"Ni ƙaryar ce ta tsaya min a rai. Ya dube ni a asibiti ya ce waya ta lalace."

Daga Rijiyar Lemo ma saƙo ya iso. Gumsu ta kai wa mahaifiyar Abdulƙahhar labarin abin da aka yi a tasha, ta ƙara gishiri, uwar ta ce ba za a kawo mata yarinyar da ke jifan namiji a gaban jama'a ba.

"Madalla!" in ji Surayya. "Kowa ya riƙe nasa!"

Baba yana kwance a ɗaki yana jin su. Ya yi ta gurnani yana buga katifa da hannunsa mai lafiya, amma ba wanda ya gane me yake nufi. Washegari Abdulhafiz ya mayar da kayan.

Mako huɗu Surayya ba ta ji ɗuriyar Abdulƙahhar ba. Ta toshe lambarsa. Duk saurayin da ya shigo shago yana neman littafin sirrin mata sai ya fita da guntun zagi, har Maman Chiamaka ta fara cewa za ta mayar da ita sashen littattafan firamare.

Wata Laraba ciwon kai ya koro ta gida da hantsi. Tana shiga zaure ta ji muryar namiji a ɗakin Baba.

"Ja numfashi, Baba... riƙe... to saki a hankali. Su..."

"Sss... Su..."

Muryar Baba ce ta biyun. Rabon da ta ji harafi daga bakinsa tun ranar sha huɗu ga wancan watan.

Ta yaye labulen da ƙarfi.

Abdulƙahhar ne durƙushe a gaban katifa cikin kayan aiki, da wani tsohon littafi marar bango a cinyarsa.

"Uban wa ya ba ka izinin shigowa gidan nan?"

"Ni ce," in ji Inna daga bayanta. "Kwana shida yana tsayuwa a ƙofa in kin fita, ina korarsa. Ran na bakwai Babanku ya jefe ni da kofi, ya nuna ƙofa."

"Kuma da wani littafin ka dawo? Wannan karon ubana za ka gwada a kansa?"

Surayya ta kai hannu za ta fizge littafin. Ya riƙe shi gam a ƙirjinsa.

"Wannan ka... kam a'a. Ki zage ni, ki mare ni, amma ki ba... bar wannan."

"Me ya fi wancan da shi?"

Ya ja numfashi mai tsawo irin wanda yake koya wa Baba.

"Har na shekara sha tara ba... ba na iya faɗin sunana. In'ina. A aji in malami ya kira ni, fi... fitsari nake ji. Wannan littafin na tsinta a gwanjo. Shekara uku ina bin sa kullum, ina karatu da ƙarfi a bayan ta... tarago. Shi ya buɗe min baki. Na kai wa likitar Baba, ta duba, ta zaɓi shafukan da za su yi masa."

"Sai kuma ka ce tunda wannan ya yi, kowanne ma zai yi?"

"Haka na ɗauka. Da na gan ki na ji tsoro. Na ce mace ka... kamarki ba za ta zauna da mai in'ina ba sai da dabara."

"Dabara!" Muryarta ta tsage. "Kai ka san ranar da na fara son ka? Ranar da ka zo neman littafin injin, ka yi minti biyu kana fama da kalma ɗaya, gumi yana zuba, ka ƙi barin a ƙarasa maka! A lokacin ka sayi jan littafin?"

"A'a..."

"To ka gani! Ina hannunka tun kafin ka san shi! Ka ɗauki abin da na ba ka tsakani da Allah ka je kana yi masa lissafi!"

Hawaye ya zubo masa.

"Ina ganin kiranki, Surayya. Duk sha ba... bakwai ɗin. Na kife wayar, ina ji kamar in mutu, ina ce wa kaina saura kwana biyu. Ba littafi ba ne. Ni ne. Kuma na yi muku ƙarya. Na gaya wa Hajiyata haka, na ce ko da dutse kika jefe ni kin yi daidai."

Ta buɗe baki za ta ƙara, sai Baba ya buga katifa.

"Zau... na."

Inna ta toshe baki da hannu. Surayya ta zube a gefen katifar ta kama hannun mahaifinta.

"Baba! Baba, ka yi magana!"

Tsohon ya ja numfashi, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya nuna Abdulƙahhar.

"Wa... wa."

Ya sake jan numfashi, ya dubi 'yarsa.

"Am... ma... na... ki... ne."

Surayya ta kife kanta a kafaɗarsa ta fashe da kukan da ta riƙe mako huɗu. Da ta ɗago, idonta a kan Abdulƙahhar yake, babu murmushi ko kaɗan.

"Na ji maganar Baba. Amma ka sani ban huce ba, kuma ban san ranar hucewata ba. Babu batun wata biyu. Sai ranar da Baba ya iya ba da ni da bakinsa. In shekara ce, shekara."

"Na yarda."

"Kuma kai za ka fuskanci Yaya Abdulhafiz, ba ni ba."

Ya gyaɗa kai.

"Na... na yarda."

Abdulhafiz ya yi wata guda ba ya amsa masa sallama. Gumsu da ta ga an sake kai kayan aure gidan su Surayya ta haɗa jakarta ta koma wurin iyayenta. Ita kuwa Surayya, sau biyu tana korarsa daga zaure a kan magana ƙanƙanuwa, washegari da hantsi ya dawo ya durƙusa gaban Baba kamar ba a yi ba.

Wata bakwai aka ɗauka.

Ranar ɗaurin aure 'yan'uwa suka ce a sa ƙanin Baba ya yi walicci kamar yadda aka saba, Baba ya girgiza kai. Aka fito da shi ƙofar gida a kujera. Surayya tana tsaye a jikin taga cikin lafaya, Maman Chiamaka ta riƙe mata hannu.

Liman ya yi tambaya, aka kara wa Baba lasifika.

Shiru ya yi tsawo. Wani a cikin taron ya fara cewa ko a taimaka masa, Abdulhafiz ya daka masa tsawa.

"Kowa ya yi shiru! Ku jira shi!"

Aka jira. Har masu adaidaita a bakin layi suka kashe inji.

Sai muryar ta fito, a karkace, a hankali, amma duk Fagge ta ji.

"Na... ba shi... Surayya."