Kiran da Baba Lurwanu Ya Amsa

Ku ajiye wayoyin nan. Ko kun ɗaga su har hannu ya gaji, sabis ɗin ba zuwa zai yi ba. Ke Ummita, matso kusa da fitila. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada kowa ya jira Gizo.

Kun san Baba Lurwanu mai gyaran fanka a bakin kasuwa. Kun taɓa ganinsa riƙe da waya? Ba ku taɓa ba. To mutumin nan da kuke rainawa, shi ya binno wayar intanet a ƙasa tun daga birni har ƙofar garin nan.

A lokacin, kamar yanzu, kamfani ɗaya ne ke riƙe da wuyanmu. Tsohon ofishin tarho na bayan makabarta, inda duk layukan gari suke haɗuwa, makullinsa yana hannunsu. Ba su gyara ba, ba su bar wani ya gyara ba. Me zai dame su? Sun san ba mu da wajen zuwa.

Sai wani ƙaramin kamfani ya taso, ya ɗauki Lurwanu aiki. Suna bin garuruwa suna shiga irin ofisoshin nan, suna kafa na'urarsu kusa da ta babban. Duk garin da suka shiga sabis ya gyaru, har babban ma ya farka daga barci. Da farko da gudu ake yi. Daga baya abin ya koma tafiyar hawainiya. Yau izini bai fito ba, gobe mai makulli ya yi tafiya. Da aka zo kanmu sai aka ce a dakata. Wai mu ba mu da yawa, ba mu kai a wahala dominmu ba.

Wayar ta iso har gindin katangar ofishin. Tana nan a naɗe, awaki suna kwanciya a kanta.

Lurwanu ɗan fari ne a wurin mahaifiyarsa, Inna Gaje. Kun san kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "kai" ko "wancan". Shi kuwa autanta, Mamuda, sunansa ba ya barin bakinta. Mamuda ya yi shekaru a Jidda, ba takardun dawowa. Ga shi yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. Buƙatarta ɗaya ce: ta ga fuskar autanta kafin duhu ya gama rufe ta. In ya kira a bidiyo, hoton ya daskare, fuskar ta farfashe, murya ta ɗauke.

Lurwanu ya riga ya kafa mata ɗan akwatin intanet a ɗaki. Fitilarsa ja, kullum ja.

Wata rana ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Kai, abin naku sai na makance zai yi?"

Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita.

Tsakar rana ce. Irin lokacin da inuwar mutum take shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, ko kaza ba ta yawo. Kuna tsoron dare, ko? Su mutanen ɓoye sun fi son wannan lokacin. Ya bi hanyar bayan makabarta shi kaɗai, da niyyar ɓalle kwaɗon ofishin.

Ya tarar da ƙofar a buɗe.

Wani tsoho yana zaune a bakinta, cikin kakin ma'aikatan tarho na da can. Kakin a goge, ba ƙura ko ɗaya. Lurwanu ya yi sallama. Leɓen tsohon ya motsa. Shiru. Sai da bakin ya rufe, sannan amsar ta iso, can ƙasa-ƙasa, da ɗan shuu a cikinta kamar layi mai nisa.

"Ka daɗe a hanya."

"Baba, kai ne mai gadi?"

Leɓe ya motsa. Lurwanu ya jira.

"Mu ne masu ɗakin. Masu makullin ma baƙi ne."

Ya kamata ya juya. Ku da kun juya, na sani, da Sadi ya bar takalminsa a can. Amma shi fitilar nan ja yake gani a idonsa. Ya jawo bakin wayar, ya bi tsohon ciki.

Ciki da sanyi. Ƙura ta kwanta a ƙasa kamar garin tuwo. Lurwanu ya waiwaya, ya ga sawunsa. Sawun mutum ɗaya.

Tsohon ya nuna masa gurbi a jikin allon ƙarfe. Wayam, a share, kamar an daɗe ana ajiye masa. Lurwanu ya jona wayar, ya ɗaure. Bai fi ƙiftawar ido ba na'urar ta kama.

Sai tarho ya yi ƙara.

Baƙin tarho ne, na da, a kan tebur. Igiyarsa a yanke, ɓera ya cinye rabinta. Yana ta ƙara.

"Naka ne," in ji muryar tsohon, bayan bakinsa ya rufe.

Lurwanu ya ɗauka. Ya sa a kunne, bai yi magana ba. Ya san abin da kowace uwa take gaya wa ɗanta: ba a amsa kiran wanda ba ka gani ba.

Sai ya ji muryar Inna. Ita ce sak, har da ɗan tarin nan nata. A hankali, da taushin da take yi wa Mamuda.

"Lurwanu."

Ya san ba ita ba ce. Wannan shi ne abin da yake ci mini rai. Ya fi kowa sanin Inna ba za ta taɓa faɗin sunan nan ba. Amma mutum ya yi furfura bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba.

"Lurwanu, ɗana."

Ya ce, "Na'am, Inna."

Layin ya ɗauke. Ya juya, ba tsoho. Kujerar bakin ƙofa ma gizo-gizo ya daɗe da saƙa a kanta.

Da ya isa gida, fitilar ta koma kore. Da yamma Mamuda ya kira. Fuska tar, har tabon goshinsa Inna ta gani. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta shafa gilashin wayar da yatsa. Wannan kam ta samu, ba wanda zai ƙwace mata.

Can Mamuda ya ce, "Inna, ba ni Yaya mu gaisa."

Lurwanu ya karɓa. "Auta, ya aiki?"

"Inna, bango kawai nake gani. Ki ba shi mana."

"Ga ni, Mamuda. Ni ne."

"To. In ba ya son magana da ni, a bar shi."

Tun daga ranar, ba wayar da ke ɗaukar muryarsa. Hotonsa ba ya fita. In ya rubuta saƙo, fanko yake isa. An yi masa rubutun sha, an yi turare, an kai shi wurin malamai har ƙetare. Maƙwabta sun yi wa Mamuda bayani, ya ce su daina rufa wa ɗan'uwansa asiri. Wa zai yarda?

Sabis ɗin ma bai yi mako ba. Masu makulli suka zo suka cire wayar, suka sa sabon kwaɗo. Kamfanin Lurwanu ya ce bai san da shi ba, ya kore shi, ya naɗe wayarsa ya koma birni inda ake da yawa. Fitilar ta koma ja.

Da damina Inna ta rasu. Lurwanu ne babba, shi ya kamata ya faɗa wa Mamuda. Ya kira, ya kira. Mamuda yana ta "Wa ke magana?" Ƙarshe sai ya miƙa wa wani maƙwabci wayar. Har yau Mamuda yana gaya wa mutane cewa ko mutuwar uwarsu ba ta sa yayansa ya buɗe masa baki ba.

Kuna so ku san inda muryar tasa take zuwa?

Bara akuyarmu ta ɓace, na bi ta har bayan makabarta. Rana a tsaka. Kwaɗon yana nan, ya yi tsatsa. Na ji murya daga ciki, ƙasa-ƙasa, da ɗan shuu. Na san ta, kullum ina jin ta a bakin kasuwa.

"Auta, ni ne. Kada ka kashe. Inna ce ta rasu."

Ta yi shiru, ta sake daga farko.

Ban tsaya neman akuya ba.

Saboda haka hanyar nan, ko da rana ko da dare, kada wanda ya bi ta shi kaɗai. In kuma kun ji an kira sunanku ba ku ga mai kira ba, ku kama bakinku. Musamman in da muryar da kuka fi so ku ji ne. Sadi, rage fitilar. Gobe in kun wuce ta kasuwa, ku gai da mai gyaran fankan nan da sunansa.