Wutar Da Ta Tashi Daga Cikin Dami

Ƙarfe biyu na rana aka bugo waya caji ofis: siton harawa ya kama da wuta a wata gonar alfalfa, irin ciyawar nan ta dabbobi, kuma akwai mutum a ciki.

Kafin Sufeto ya isa, 'yan kwana-kwana sun gama nasu, ko'ina ya yi jagab. Mai gonar ne ya rasu, dattijo mai nauyin ji, wanda ya saba kishingiɗa cikin siton da tsakar rana. Shekara ashirin Sufeto yana wannan aiki, amma wallahi har yau bai saba da warin ƙuna ba.

Babban ɗan mamacin, wanda kowa ke kira Yaya, ya tare shi da hannun dama naɗe da tsumma.

"Ranka ya daɗe, ba sai ka wahala ba. Ƙanena Auta ne ya jawo. Sau nawa Baba ya hana shi shan taba kusa da harawa? Ga shaida nan."

Ya nuna guntayen sigari uku a bakin ƙofar siton.

"Hannunka fa?"

"Wajen ƙoƙarin ciro Baba na ƙone."

Auta na zaune a ƙasa kamar an zare masa laka. Da farko ya rantse bai taɓa ashana ba ranar. Da aka matsa, sai ya fashe da kuka.

"Na sha da safe, amma can bakin rijiya. Ko iska ce ta kai? Wayyo, ni na kashe Baba!"

Kofur ɗin da ya zo tare da Sufeto ya ɗana masa ankwa. Sufeto bai hana ba, amma ya tsuguna ya ɗauki guntun sigari ɗaya. A bushe yake ƙayau, alhali ƙasar da ke ƙarƙashinsa caɓi ce. To, wane irin sigari ne ruwan kwana-kwana ke jin kunyarsa?

Washegari ya zo da malamin gona. Mutumin ya zagaya ragowar tarin, ya farke wani dami, ya sansana, ya girgiza kai.

"Duba nan. Na gefe sama-sama suka ƙone, tsakiya kuwa ta zama toka. Wannan wutar daga ciki ta taso."

"Ba tare da ashana ba?"

"Ƙwarai. Alfalfa in aka yanke ta, sai ta bushe sosai kafin a ɗaure. In aka tara ta da danshi, sai ta yi ta dahuwa a hankali, mako biyu ko uku, har ta kama da kanta."

A tsakiyar tokar suka ga dogon rodi a cake.

"Ma'aunin manoma ke nan," in ji malamin. "A soka cikin tarin, a jira, a zaro. In hannu ya kasa riƙewa, a fitar da kowa daga wurin. Wanda ya soka wannan ya san abin da ke ciki."

Sufeto ya sami matar mamacin a ɗaki, idanunta sun kumbura.

"Inna, wa ya ɗaure wannan yankan?"

"Yaya ne. Lokacin babansu na asibiti. Shi baban ma ya aiko cewa kada a ɗaure sai ya dawo."

"Yaushe Yaya ya ƙone hannu?"

"Ai tun ana gobe gobarar. Ni na shafa masa magani. Ya ce injin tarakta ne."

Baiwar Allah, ba ta san abin da ta faɗa ba. Sufeto ya ji tausayinta ya kama shi har ya kasa dubanta.

A tsakar gida ya sa aka kawo 'yan'uwan biyu. Ya ajiye rodin a gaban Yaya.

"Ka ce mini wajen ceto ka ƙone, ka ce wa Inna tarakta. Wanne za mu rubuta?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gumi ya karyo wa Yaya.

"Hadari ne ya haɗo," ya ce da ƙyar. "Na ji tsoron ruwa ya lalata yankan, na ɗaure da danshinsa. Da na zaro rodin ya ƙone ni, na so in faɗa. Amma kullum Baba cewa yake ban iya komai ba, Auta ne manomi. Na ce bari in warware tarin a ɓoye in ya tafi kasuwa. Kwana ɗaya kawai nake nema."

"Kana kallo mahaifinka ya shiga siton ya kwanta?"

"Ina kallo."

Inna ta ɗora hannu a ka. Kofur ya kwance ankwar daga hannun ɗa ɗaya ya mayar wa ɗayan.

Har an kai Yaya bakin mota, Auta ya biyo shi.

"Yaya, wutar na yarda tsautsayi ne. Amma da ka je bakin rijiya kana tsintar guntayen tabata, gawar Baba ko sanyi ba ta yi ba. Shi ma hadarin ne?"

Kofur ya tura Yaya cikin motar. Sufeto ya rufe ƙofar, ya ce wa direba su tafi.