Wanda Ya Shafe Fuskar Mama Hannatu

Ƙarfe bakwai na safiyar Juma'a Chisom ta faɗo ofishin 'yan sanda, ko gaisuwa babu.

"Oga, an kashe min aiki!"

Sufeto Abdulsalami ya san zancen. Masu zanen Suleja su goma sha biyu ne suka raba bangwaye daga Magajiya har Bagama, kowa ya zana mutanen gari. Ƙa'idarsu kowa ya rufe nasa da tamfol, ba mai gani sai ranar buɗewa. Buɗewar kuwa gobe ce.

Da aka ɗaga tamfol ɗin Chisom a bakin titin Magajiya, sai ga hoton wata tsohuwa da itace a kafaɗa, amma an shafe fuskar da farin fenti. Shafar tsanaki ce, ko ɗigo bai sauka a zaninta ba.

"Wace ce wannan?"

"Mama Hannatu mai itace. Shekara arba'in tana ɗauka a kafaɗa, yadda matan Gbagyi suke yi. Ta ce gobe za ta sa kayan coci ta zo ta ga kanta. Femi ne, Oga! Tun da aka hana shi bango yake min baƙin ciki."

Sufeto ya sa aka mayar da tamfol, ya ce wa Chisom kada ta gaya wa kowa abin da aka ɓata.

Femi mai rubuta allon shaguna ya rantse har da dafa ƙirji cewa a Madalla ya kwana. Ƙarya tsagwaronta, maƙwabcinsa ya ga fitarsa da sassafe. Da Sufeto ya tsare shi da ido, sai muryarsa ta sauka.

"Na zo leƙe, gaskiya, hassada ce ta kawo ni. Amma ban ɗaga ba. Wani na gani ya fito daga bayan tamfol ya wanke hannu a famfo, da kwat da takalmi mai sheƙi. Haba Oga, wane mai fenti ne zai yi aiki da kwat?"

A gindin bangon nan motar da ke kai ma'aikata Abuja take tsayawa kullum. Tambaya biyu Sufeto ya yi wa mai shayin wurin, ya ji cewa ɗan Mama Hannatu, Obadiya, yana cikin masu shigarta.

Da yamma ya isa gidansu a Kurmin Sarki. Tsohuwar tana gugar zaninta na gobe, ta tarbe shi da ruwa da fara'a. Obadiya bai daɗe da dawowa ba. Kamarsu ɗaya da uwar, kamar an tsaga kara.

"An ɓata wani zane a Magajiya. Ina kake ƙarfe shida na safe?"

"A mota, Yallaɓai. Ni ban ma san da wani zane ba. Kuma mene ne abin kai ƙara? Fuska ce kawai, a sake zanawa mana."

"Wa ya ce maka fuska ce?"

Sufeto ya ɗaga takalmin da ke bakin ƙofa, ga farin fenti ya bushe a dunduniya.

Obadiya ya zube a kan benci, ya kasa duban uwarsa.

"A ofis na ce musu uwata malamar makaranta ce, ta yi ritaya. Shekara shida ke nan. Jiya na leƙa na gani. Duk wanda ya ga fuskar nan ya gan ni, kuma kullum a nan motarmu take tsayawa. Mama, ki yafe ni."

Shekara ashirin Sufeto yana aikin nan, ya kama ɓarayi, ya kama masu kisa, amma bai taɓa jin kunya irin ta yau ba, kamar shi ya riƙe buroshin. Ya rasa inda zai sa idonsa.

Mama Hannatu ta ajiye dutsen guga. Ba ta yi kuka ba. Ta ninke zanin a hankali ta mayar cikin akwati.

"Tashi mu je," in ji Sufeto.

Sun kusa ƙofa ta kira shi.

"Yallaɓai, don Allah ka bi da shi ta ƙofar baya. Mutane suna zaune a waje, yarona ba ya son abin kunya."